Kalkulas: Kwas Ɗin Da Ke Karɓar Bashin Da Ɗalibi Ya Ci Tun JHS

Duk Asabar ɗin da ake da darasi, tun wajen ƙarfe bakwai na safe, harabar wasu makarantun sakandare da kwalejojin horar da malamai a Kumasi, Tamale, Accra da sauran birane kan cika da wasu irin ɗalibai da ba su sa yunifom. Akwai mai furfura a gemu, akwai mai goyo, akwai wanda ya yi sammako a kan babur daga ƙauyen da yake koyarwa. Yawancinsu malaman firamare ne da na JHS. Daga Litinin zuwa Juma'a su ke riƙe da alli, Asabar da Lahadi kuma su ne a kan benci, suna neman digiri ta hanyar karatun nesa.

Ina cikinsu. Ina koyar da lissafi a wata JHS da ke bakin zango a Kumasi, kuma digirin da nake yi na koyar da lissafi ne. A cikin kwasa-kwasan wannan digiri akwai guda ɗaya da sunansa kaɗai kan sa aji ya yi tsit, wato kalkulas. Tun kafin mu fara shi waɗanda ke gabanmu suka riƙa ja mana kunne, wai a nan ne ake tantance aya da tsakuwa. Wasu sun zauna jarrabawarsa sau biyu, wasu sau uku, kuma kowane zama da kuɗinsa.

Na gama shi a zangon karatun da ya wuce. Abin da na fito da shi, wanda kuma ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne wannan: sabon abin da ke cikin kalkulas bai taka kara ya karya ba, mai hankali zai gane shi a zama biyu ko uku. Abin da ke kayar da mutane tsohon bashi ne, na firakshan da aljabara, wanda suka ci tun suna 'yan shekara goma sha uku. Wannan bashi kuwa a ajujuwanmu ake cin sa, a gaban idonmu mu malaman JHS.

Me ya mayar da mu aji

Mu da muka fito daga kwalejin horar da malamai kafin 2018, difiloma ta shekara uku muka fito da ita. A 2018 aka mayar da kwalejojin gwamnati 46 masu bayar da digiri na shekara huɗu, kowace a ƙarƙashin kulawar wata jami'a. Ke nan ƙannenmu da suka zo bayanmu suna shigowa aiki da digiri a hannu, kuma mai digiri yana farawa a matakin da ya fi na mai difiloma, albashi ma ya bi matakin. Ga kuma wanda ke son ya koyar a SHS, dole sai da digiri. Shi ya sa jami'o'i irin su ta Cape Coast da ta Winneba ke da dubban malamai a shirye-shiryensu na karatun nesa da na dogon hutu.

A shirinmu, duk mako biyu ake haɗuwa da mai koyarwa. Ana ba ka littafin kwas, ka karanta da kanka, ka zo da tambayoyi. Akwai ƙananan gwaje-gwaje biyu a tsakiyar zango, sannan babbar jarrabawa a ƙarshe. Kalkulas ɗin da ɗalibin cikin jami'a ke saurara sau biyu ko uku a mako, mu a 'yan haɗuwar da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba ake zuba mana shi. Wanda ya rasa Asabar ɗaya saboda biki ko jana'iza, ya rasa babi guda.

Allurar maleji

To mene ne kalkulas ɗin? Kalmar daga Latin take, ma'anarta ƙaramar tsakuwa, irin wadda mutanen da ke yin ƙirga da ita. Kwas ɗin rabi biyu ne. Rabin farko yana tambayar saurin da abu ke canzawa a daidai wani lokaci. Rabi na biyu yana tambayar jimillar abin da ya taru daga wannan canji. Ɗalibai na kiran na farko difarenshiyeshan, na biyu intigireshan.

Mu ɗauki hanyar da kowa ya sani. Daga Accra zuwa Kumasi kusan kilomita 250 ne. Idan bas ta yi awa biyar, ɗan aji shida zai gaya maka tana cin kilomita 50 a awa. Amma duk wanda ya taɓa bin hanyar ya san babu wani lokaci mai tsawo da direba ya zauna a kan 50. Ya yi rarrafe a cunkoson fita daga Accra, ya sake ta bayan Suhum, ya tsaya a Bunso mutane suka ci abinci, ya sake jan ƙafa a Konongo. Wannan 50 ɗin matsakaici ne kawai. Gudun motar na gaskiya a kowace daƙiƙa, allurar maleji ce ke nuna shi.

A nan tambaya ta taso, kuma ita ce ƙofar kwas ɗin gaba ɗaya. Gudu shi ne nisa a raba da lokaci. A daidai ƙiftawar ido ɗaya, lokacin da ya wuce sifiri ne, nisan da aka ci ma sifiri ne. Sifiri a raba da sifiri kuwa ba lamba ba ce. To allurar me take nunawa?

Ga yadda ake kewaye wannan rami. A saki dutse daga saman dogon bene. Nisan da ya faɗo, a mita, kusan 5 ne sau lokaci sau lokaci, wato 5t². Bayan daƙiƙa 2 ya faɗo mita 20, bayan daƙiƙa 3 mita 45. Muna son gudunsa a daidai daƙiƙa ta 2. Tsakanin ta 2 da ta 3 ya ci mita 25, ke nan matsakaicin gudunsa 25 ne. Mu rage tazarar. Tsakanin 2 da 2.1, lissafin ya ba da 20.5. Tsakanin 2 da 2.01, ya ba da 20.05. Tsakanin 2 da 2.001, ya ba da 20.005. Kowa ya ga inda aka dosa. Ba mu taɓa raba komai da sifiri ba, amma amsoshin suna matsowa kusa da 20, kuma za su matso iyakar yadda muke so. Wannan lambar da ake dosa ita ake kira limit, ko mu ce iyaka. Gudun dutsen a daƙiƙa ta 2 mita 20 ne a daƙiƙa.

Idan aka yi wannan wasa ga kowane lokaci t, sai a ga gudun 10t ne. Daga 5t² an samu 10t. Daga nan ne dokar da kowane ɗalibi ke haddacewa ta fito: ka sauko da ƙaramar lambar da ke saman harafin ka ninka, sannan ka rage mata ɗaya. Sauran makonnin rabin farko, dokoki ne na yadda za a yi haka idan abubuwa biyu suna ninka juna, ko ɗaya na raba ɗaya, ko ɗaya yana cikin cikin ɗaya.

Garken raguna

Ranar da ajinmu ya fara sakin jiki da kwas ɗin ita ce ranar da aka zo kan neman mafi yawa da mafi ƙaranci. Mai koyar da mu, wani dattijo da ya shekara da shekaru a SHS, ya kawo misalin fili da shinge. Wani abokin karatunmu da ke kiwon raguna a bayan gida yana sayarwa lokacin Layya ya ce, "Malam, a mayar da shi garke, sai mu ji da kyau."

Aka mayar. Kana da waya mita 40, kana son ka kewaye garke mai kusurwa huɗu a jikin katangar gida, ke nan gefe uku kawai za ka shinge. Yaya za ka yanka wayar fili ya fi faɗi? Idan ka fito mita 5 daga katanga, tsawon zai zama 30, fili murabba'in mita 150. Idan ka fito mita 15, tsawon ya koma 10, fili 150 kuma. Idan ka raba wayar gida uku daidai, kamar yadda yawancin ajin suka ce a yi, za ka samu kusan 178.

Kalkulas ya ce a kira fitowar x. Filin shi ne 40x − 2x². Saurin canjinsa 40 − 4x ne. Muddin wannan lamba tana sama da sifiri, ƙara fitowa na ƙara fili. Idan ta koma ƙasa da sifiri, ƙarin ya zama ragi. Ƙololuwa tana daidai inda ta zama sifiri, kamar dutsen da aka jefa sama, wanda a can ƙarshen hawansa yakan tsaya cak kafin ya juyo. 40 − 4x ya zama sifiri idan x ya zama 10. Fitowa mita 10, tsawo mita 20, fili murabba'in mita 200. Mai ragunan ya daɗe yana kallon allo, sannan ya ce, "Wato da waya ɗaya, wurin rago nawa mutum ke zubarwa bai sani ba."

Da wannan dabara ɗaya ce kamfani ke neman siffar gwangwanin da zai ci ƙarfe kaɗan ya ɗauki madara da yawa, injiniya ke neman inda ƙarfen gada ya fi shan nauyi, masanin tattalin arziki ke neman adadin kayan da riba ta fi tsoka a kansa.

Famfo da tanki

Rabi na biyu ya juyo da tambayar ta baya. Yanzu ka san saurin, jimilla kake nema.

Duk ɗan zango ya san halin famfo. Ruwa ya zo da ƙarfi da asuba, yana raguwa, har ya ɗauke. A ce ya fara da lita 20 a minti, yana raguwa a hankali daidai wa daida, ya ƙare bayan minti 30. Lita nawa ta shiga tanki? Ba za ka ce 20 sau 30 ba, domin ƙarfin bai tsaya a 20 ba. Sai ka yanka lokacin gunduwa-gunduwa, ka ɗauka a kowace gunduwa ƙarfin bai canza ba. Gunduwa uku ta minti goma-goma ta ba da lita 400. Gunduwa shida ta minti biyar-biyar ta ba da 350. Gunduwa talatin ta minti ɗaya-ɗaya ta ba da 310. Iyakar da ake dosa 300 ce. Intigireshan ke nan: a yanka abu ƙanana-ƙanana, a tara, a duba inda jimillar ta nufa. Alamarsa, ∫, harafin S ne da aka ja ya yi tsawo, daga kalmar Latin mai nufin jimilla.

Wannan lissafi na famfo shi ne na tafkin Volta, sai dai girma. Masu kula da madatsar Akosombo suna duban saurin da ruwa ke shigowa daga arewa, da saurin da yake fita ta injinan wuta, su yi hasashen inda tsayin tafkin zai kai nan da makonni, domin akwai iyakar ƙafa 278 da ba a son ya wuce. A watan Satumba na 2023 aka fara sakin ruwa daga madatsar, garuruwa irin su Mepe suka sha ambaliya. Yaushe za a buɗe, nawa za a saka, kwana nawa za a yi, duk tambayoyi ne na sauri da jimilla, kuma gidajen mutane ne a ƙarƙashin amsar.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a kwas ɗin shi ne inda rabi biyun suka haɗu. A mota akwai allurar maleji, akwai kuma lambobin da ke ƙirga kilomita. Wanda ya rubuta abin da allura ta nuna a duk tsawon tafiya, zai iya fitar da kilomitar da aka ci. Wanda ya rubuta yadda lambobin kilomita ke hawa, zai iya fitar da abin da allura ta nuna. Ɗaya yana kwance abin da ɗaya ya ƙulla. Daga 5t² ka samu 10t, daga 10t ka koma 5t². Saboda haka ba sai ka zauna tara gunduwa dubu ba, ka bi dokar rabin farko ta baya kawai. Wannan ita ce babbar ƙa'idar kalkulas, kuma gano ta ne ya sa ake danganta fannin ga mutum biyu.

Shekara dubu biyu a zango ɗaya

Isaac Newton ya gano ta a Ingila a 1665 da 1666, lokacin da annoba ta sa aka rufe jami'ar Cambridge ya koma gida. Gottfried Leibniz na Jamus ya gano ta daban, ya riga bugawa a 1684, kuma alamominsa, dy/dx da ∫, su muke rubutawa har yau. Amma yankawa da tarawa sun girme su nesa ba kusa ba. Archimedes ya yi amfani da dabarar fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa wajen auna filin da lanƙwasasshen layi ya kewaye. Ibn al-Haytham, wanda ya rayu a Alƙahira ya rasu wajen 1040, ya fitar da hanyar tara lambobin da aka ninka da kansu sau huɗu domin ya auna cikin wata siffa mai kama da ƙwarya. A Kerala ta Indiya, Madhava ya yi aiki da jerin lambobi marasa ƙarshe tun ƙarni na 14.

Ko bayan Newton da Leibniz, an daɗe ba a gamsu da tushen abin ba. A 1734 wani bishop, George Berkeley, ya rubuta littafi yana yi wa masana ba'a cewa suna raba abu da lamba sannan su ce lambar sifiri ce. Sai a 1821, da littafin Cauchy na Faransa, da aikin Weierstrass bayansa, aka kafa maganar iyaka a kan ƙafafunta. Na kawo wannan ne saboda ɗalibin da kansa ya ɗaure a makon farko. Abin da ya ɗaure maka kai ya ɗaure wa manyan masana kai fiye da shekara ɗari, ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne.

Inda ake faɗuwa

Bayan gwaji na farko, mai koyar da mu ya shigo da takardun, ya ajiye su, ya ce, "Malamai, na duba aikinku. Kalkulas ɗinku lafiya lau. Lissafin JHS ne ya ci ku." Aji ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin kusan duk wanda ke zaune a nan lissafin JHS yake koyarwa.

Ya koma kan dutsen nan. Don a nuna cewa gudunsa 20 ne ba tare da gwada lambobi ba, ana kiran ƙaramar tazarar h, a buɗe (2 + h)². Amsar 4 + 4h + h² ce. A ninka da 5, a cire 20, a raba da h, a samu 20 + 5h. Idan h ya matso sifiri, saura 20. Layi na ƙarshen nan kaɗai ne kalkulas, duk na samansa aljabara ce. Amma takardu da dama sun rubuta cewa (2 + h)² shi ne 4 + h², sun yar da 4h na tsakiya. Wanda ya yi haka zai ƙare da 5h, iyakarsa sifiri. Wato bisa lissafinsa, dutsen da ya faɗo mita 20 yana tsaye a iska bai motsi.

Ya kawo na biyu: x² − 4 a raba da x − 2, yayin da x ke matsowa 2. Idan ka zuba 2 kai tsaye, sifiri bisa sifiri za ka gani. Wanda ya tuna cewa x² − 4 shi ne (x − 2) sau (x + 2) zai soke na ƙasa, ya ga amsar 4 ce cikin daƙiƙa goma. Wanda bai tuna ba zai zauna yana kallon takarda har a ce a ajiye biro.

Sauran ramukan duk irin waɗannan ne. Mai haɗa rabi da sulusi ya samu biyu bisa biyar, saboda ya tara na sama ya tara na ƙasa. Mai manta cewa alamar ɗebewa a gaban baka tana juya duk abin da ke ciki. Mai ganin 1/x bai san cewa x ne mai −1 a samansa ba, don haka dokar da ya haddace ba ta yi masa aiki. Mai barin kalkuleta a kan digiri alhali tambayar da radiyan take. A JHS kowane ɗayan waɗannan maki ɗaya yake cinye wa yaro, ya wuce da 60 ko 70, kowa ya yi murna. A kalkulas tambaya ɗaya tana da matakai takwas ko goma, kowane yana tsaye a kan na bayansa. Kuskure a mataki na biyu ya kwashe sauran duka.

Yadda waɗanda suka haye suka yi

Mu shida muka haɗa ƙungiyar karatu, muna zama a wani aji a makarantar ɗayanmu bayan Isha'i sau biyu a mako, sauran ranaku a WhatsApp. Dokarmu ta farko, minti ashirin na farkon kowane zama na aljabara ne zalla: buɗe baka, warware lamba, firakshan mai haruffa. Wata malama daga cikinmu, mai 'ya'ya uku, wadda ba ta yi lissafin zaɓi a SHS ba, ita ta fi kowa tsoro a farko. Ta nemo tsohon littafin Aki-Ola na SHS ta bi babin aljabara daga farko har ƙarshe kafin ta taɓa littafin kwas. Ita ta fi mu duka maki a gwaji na biyu.

Doka ta biyu, ba a karanta lissafi kamar jarida. Misalin da ka bi da ido ka ce ka gane, rufe shi ka yi da hannunka, a nan za ka san ko ka gane. Tambaya biyar kullum ta fi hamsin a daren jarrabawa. Doka ta uku, a zana kafin a lissafa. Akwai manhajoji na kyauta irin su GeoGebra da Desmos da ke zana layin kowane lissafi a waya, ka ga inda ya hau, inda ya sauka, inda ya kwanta. Littafin kalkulas na OpenStax kyauta ne a intanet, darussan Khan Academy ma haka, sai dai kuɗin data.

Akwai kuma manhajojin da za ka ɗauki hoton tambaya su zubo maka amsa da matakanta. Suna da amfani wajen duba aikin da ka riga ka yi. Waɗanda suka mayar da su masu yi musu aikin gida sun sha mamaki a zauren jarrabawa, inda daga kai sai biro da kalkuleta.

Ƙofar da ke rufewa a shekara goma sha biyar

A nan maganar ta bar malamai ta zo kan iyaye. A Ghana yaro yana fara haɗuwa da kalkulas ne a SHS, a cikin lissafin zaɓi, wanda yara ke kira Ilektif. Lissafin dole, wanda kowa ke yi, bai kai can ba. Wanda bai yi Ilektif ba kuwa, ƙofar injiniyanci a KNUST a rufe take gare shi, haka kimiyyar kwamfuta da lissafin inshora. Kuma zaɓin nan ana yin sa ne tun yaro yana JHS 3, ranar da ake cika fom ɗin zaɓen makaranta da fanni na BECE.

Na ga yadda ake cika wannan fom a unguwarmu. Uba yana kasuwa ko tasha, uwa ta ce, "Tica, kai ka san sukuru, ka zaɓa masa kawai." Yaron kuma ya bi abokansa, ko ya guje wa duk fannin da aka ce akwai lissafi a ciki. Yarinya mai kaifin kai a lissafi sai a tura ta fannin girki da ɗinki don an ce ya fi dacewa da mace. Fannin ba abin rainawa ba ne, amma a tambaye ta tukuna. Tun 2017 SHS kyauta ce, yaranmu suna shiga fiye da da. Saura mu duba abin da suke karantawa idan sun shiga. Ko ɗan fannin Arts ko na kasuwanci, a makarantu da yawa yana iya haɗawa da Ilektif, amma sai wanda ya sani ya tambaya.

Kada wani ya ce wannan ilimi na wasu ƙasashe ne. Francis Allotey, haifaffen Saltpond a 1932, ya zama farfesan lissafi a KNUST, ya yi suna a duniya a fannin fiziks, kuma yana cikin waɗanda suka tsaya aka buɗe cibiyar lissafi ta AIMS a Biriwa a 2012 kafin rasuwarsa a 2017. Daga makarantun garin nan ya fara.

Ni dai kwas ɗin ya canza yadda nake tsayawa a gaban 'yan JHS 2. Idan muka zo kan (a + b)², nakan zana murabba'i a allo, in yanka shi gida huɗu, yara su ga da idonsu inda gida biyun nan na ab suke zaune, don kada wata rana su yar da su. Idan muka zo gangaren layi, nakan kawo maganar bas ɗin Accra da allurar maleji. Yaron da ya haɗa rabi da sulusi ya samu biyu bisa biyar, nakan ba shi takarda ya ninke, ya ga cewa amsarsa ba ta ma kai rabin da ya fara da shi ba. Wannan yana cin lokaci, manhaja kuma tana da tsawo, BECE ba ta jira. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga 'yan uwana malamai masu difiloma da ke jan ƙafa saboda tsoron wannan kwas, ku sayi fom. Ku ware wata biyu kafin a fara ku koma kan aljabara, ku nemi abokan zama, kada ku rasa Asabar ko ɗaya. Ga iyaye kuma, idan lokacin cika fom ɗin BECE ya zo, ku bar shago na awa ɗaya ku zo makaranta. Ku tambayi malamin lissafi yadda yaron yake, ku tambayi yaron abin da yake so ya zama, sannan ku tambaya ko fannin da ake shirin rubuta masa yana da Ilektif a ciki.